Koma Ka Sake Shigowa

Shekarar da ruwa ya cinye hanyar Kwalkwalawa
na gan shi cikin kwalekwale, takalmi a hammata,
jakar rubutu bisa kai kamar tallan fura.
Mai tuƙi ya ce, "Malam, aje ta ƙasa."
Ya ce, "Mutum goma sha ɗaya na ciki, ɗana,
kuma ba wanda ya iya ruwa."

Farfesa Arzika ke nan.
Ba mu da dandali sai inuwar dogonyaro,
benci biyu su ne fada, su ne kotu, su ne kasuwa.
Layi ɗaya tak ya ba ni a wasan farko:
"Ranka ya daɗe, baƙi sun iso."
Wata uku ina shigowa da baƙin nan,
kullum sai ya ɗaga alli:
"Mi kaka gudu? Ɗan aike ba ɓarawo na ba.
Koma ka sake shigowa."

Wani ɗan'uwansa a Gidaɗawa ya bar gaishe shi,
wai mai karatu ya koma ɗan kama.
Bai tanka ba. Ya sa shi cikin littafi na huɗu
da rawaninsa, da tarinsa, da sandarsa.
Mutumin ya zo kallo,
ya fi kowa dariya.

Littafi tara.
Na bakwai da kuɗin motarsa aka buga,
rabin kwafin gara ce ta karanta.
Ya ce ko ba komai ta kai ƙarshe,
abin da ya gagari wasu malamai.

Jiya aka yi masa bikin ajiye alli.
Zaure mai fanka, mai labule na gaske.
Yana gaba, hannu na rawa bisa gwiwa,
leɓɓansa na riga 'yan wasa furta magana.
Da wuta ta ɗauke tsakiyar fage na biyu
yara suka haska wayoyi, ba wanda ya tsaya.

Bayan an watse na durƙusa gabansa,
ni da furfurata da ɗalibaina daga Bodinga.
Ya nemi sunana, suna ya ƙi zuwa.
Sai na ce, "Ranka ya daɗe, baƙi sun iso."
Ya daɗe yana dubana.
"Yanzu kuma ka cika nawa," in ji shi.
"Koma ka sake shigowa."

Na miƙe, na nufi ƙofa.