Abin da Kifi Ya Haɗiye

Kafin gari ya waye Jurandir ya iso da kwale-kwale,
injinsa na tari kamar tsohon da ya kwana a sanyi.
Tukunare bakwai kwance a cikin jirgin,
kowanne da ɗigon ido a gindin wutsiya,
idon da ko mutuwa ba ta rufe shi.

Ni ce mai awo.
Ina jera su kan allo ɗaya bayan ɗaya:
tsawo, nauyi, inda aka kama, kwanan wata.
Sai in yanki tsoka daga gadon baya,
ba ta fi ɗan yatsa ba,
in sa a leda, in rubuta lamba, in binne a ƙanƙara.
Sauran in mayar masa.
Ya ce, "Odaleya, kin gutsiri naki. Wannan fa, in kai gida?"
Na ce ya kai. To me zan ce?
Yara biyar ke jiran tukunya.

Shekara tara ke nan ina bin kogin Tapajos.
Ruwan da kakata ke hango yatsun ƙafarta a cikinsa
yanzu kamar an dama kunu,
tun daga can sama, inda injuna ke tsotsar cikin kogi
dare da rana saboda zinariya.
Zaiba suke zubawa ta rungumo musu ƙwayar,
su gasa, ta tashi hayaƙi, ta dawo cikin ruwan sama.
Baƙuwa ce da ta san hanyar shiga kawai.

Laka ta karɓa ta miƙa wa gansakuka,
ƙwaro ya kiwaci gansakuka,
ƙaramin kifi ya ci ƙwaro dubu,
babba ya ci ƙanana dubu,
kowa ya gaji bashin wanda ya haɗiye
ya ɗora nasa a kai.
Mu ne na ƙarshe a layi, da cokali a hannu.

A birni na'urar ba ta san tausayi ba, ba ta san mugunta ba.
Ta ƙona tsoka, ta shaƙi tururi, ta tofo lamba.
Ina kwafewa a littafi mai koren bango
wanda danshi ya fara ci ta gefe.
Bana ta ɗara bara da kaɗan,
kaɗan ɗin da harshe ba ya ji,
hanci ba ya ji,
gishiri da lemon tsami ba sa wankewa.

Ranar Lahadi na zauna gaban uwata Zuleide.
Na ce, ki riƙa cin paku, shi 'ya'yan itace yake kiwo,
ki ci ƙanana, ki ƙyale manya masu farauta.
Ta yi dariya tana barbaɗa garin rogo a romo.
"Shekara saba'in ina cin tukunare,
yau takarda ce za ta zaɓa mini kifi?"
Ban amsa ba. Cokalin nake kallo,
yana rawa tsakanin kwano da baki
har rabin romon ya koma inda ya fito.
Ta ce tsufa ne.
Wataƙila tsufa ne.

Jiya da dare na ɗauko almakashin aiki,
na datsi gashi a ƙeyata, dab da fata,
yadda nake yi wa matan ƙauyukan gaɓa,
na ɗaure da zare, na sa a ambulan.
Gurbin suna na cike da lamba, ɗari uku da sha biyu.
Akwai wani gurbi a ƙasa, ɗan ƙarami,
da nake tambayar mata ina sunkuyar da kai.
Na daɗe biro na tsaye a kansa.
Na rubuta: wata huɗu.

Sakamako sai bayan sati uku.
Gobe Jurandir zai zo da asuba,
ga shi ƙanƙarata ta kusa ƙarewa.