Saura Wata Ɗaya

Karnen Tsahara yana cikin leda,
ƙarƙashin tabarma, inda ɓera bai sani ba.
Sau uku damina ta jiƙa shi,
hatimin likita bai goge ba.

Daren jiya jikinta ya ɗau zafi
kamar kaskon da Habsu ke toya ƙuli-ƙuli.
Da asuba na jingine kurar ruwa a Bagalam,
na goya ta. Namiji da goyo!
Mata na dariya a bakin famfo,
ban waiwaya ba.

Majo ya duba karne, ya duba yarinya,
ya ƙirga da yatsu:
"Shekara biyar saura wata ɗaya.
Kyauta ne, mai da kuɗinka aljihu."
Allura guda, ƙwayoyi shida.
Maganin sha ya ƙare, sai farmasi.
Jika biyu.
Jarka tamanin ke nan, in hanya ba laka.

Yanzu tana barci, baki buɗe,
ni kuwa ina ƙirga kwanaki
kamar mai bashi a wuya.
Sauro bai yi lakwal ba,
ba ya karanta takardar haihuwa.
Wa zai gangara gulbi ya shaida masa
ran ashirin ga wata Tsahara ta girma?

Habsu ta ce in bar tunani,
wanda ya raya ta zuwa yau ba ya gyangyaɗi.
Na ce haka ne.
Sai na nemo gwangwanin madara,
na huda murfin da wuƙa,
na jefa dala biyar ta farko.

Ta daɗe tana ƙara a ciki.