Farar Riga

Jiya da dare kakata ta goge mini farar riga,
ta ce, "Gobe a ɓata ta, ba zan yi faɗa ba."
Shekara goma sha biyu tana yaƙi da tawada a hannun rigata,
yau ita da kanta ta soka mini alƙalami a aljihu.

Mun sauko cikin akwatin ƙarfen nan mai lilo a jikin waya,
garin Ciyatura a ƙarƙashinmu,
kogin Kwirila baƙi wuluk
da wankin ma'adinin da ubanninmu ke haƙowa.
Tun ina 'yar shekara shida nake runtse ido a daidai nan.
Yau na buɗe.

Mu goma sha huɗu ne. Da can ashirin da uku.
Sauran sun bi iyayensu mata ƙetare,
inda ake biyan mutum ya yi jinyar tsohuwar wani.
Kujerunsu na bayan aji, an kife su a kan tebura,
ƙafafu a sama, ba mai sauke su.

Tsotne ne ya fara rubutu a kafaɗata:
"Kina bina lari biyu, ki zo Kutaisi ki karɓa."
Sopiko ta zana kifi, wai don ba na rufe baki.
Wani ya sa lambar waya, ya manta sunansa.
Sai Rusudan,
wadda rabonmu da magana tun faɗan lokacin ƙanƙara,
ta kama ni ta juya kamar tela mai awo,
ta daɗe tana rubutu a tsakiyar bayana,
daidai inda ido ba ya kaiwa.
Na ce, "Me kika sa?"
Ta ce, "Sai kin tuɓe."

Malama Tsiuri ta lissafi,
wadda kallonta kaɗai ke tsinka hanjin ɗalibi,
ta shigo da ƙurar alli a gwiwar hannu kamar kullum.
Muka yi tsit, muna jiran nasiha.
Ta buɗe baki, ta rufe, ta gyara tabarau,
ta ce, "Ku ja tagar can in za ku fita,
da alama za a yi ruwa da yamma."
Sai ta ba mu baya,
tana ta goge allon da ba komai a kansa.

A fili, Malkhaz, dogon ajinmu,
wanda wata mai zuwa zai ɗaura fitila a goshi
ya shiga rami a gurbin babansa,
ya ɗora 'yar aji ɗaya a kafaɗa,
ƙararrawar tagulla a hannunta da jan ƙyalle.
Ta kaɗa da hannu biyu, tana dariya da giɓinta,
ba ta san abin da take yankewa ba.

Sau nawa na roƙi ƙarar nan ta zo da wuri?
Ga ta ta zo a kan kari,
ni da na saba latti ina cewa da ma ta koya a wurina.

Ba mu ce sai wata rana ba.
Mun ce sai anjima, kamar masu komawa bayan tara,
kowa ya san ƙarya ce, kowa ya amsa.

Da dare na tuɓe rigar, na shimfiɗa a kan gado.
Rubutun Rusudan ƙanana, a karkace:
"Ni na ɓoye littafin zanenki a aji bakwai.
Yana ƙarƙashin katakon da ke kuka, kusa da murhu.
Ki je ki ɗauka. Ki kira ni in raka ki."

Kakata ta leƙo, ta ce, "In jiƙa ta?"
Na ce a'a.
Can ƙasa, ruwa ya sauko kan rufin makaranta,
ni kuwa na kasa tuna ko mun ja tagar.