Kundin Lambobin Waya

Da asubar Talata mota ta sauke su
a ƙofar benen da Orest ke gadi a Winnipeg,
kundi sittin cikin leda,
kowanne ya kai nauyin jariri.

Masu haya suna tsallake su,
ido na kan wayar hannu.
Dusar ƙanƙara ta sauka, ta narke,
shafuka suka kumbura kamar jiƙaƙƙen burodi.

Bishiya nawa ta faɗi
don sunayen da ba mai nema?

Kafin ya tura baro
Orest ya zaro guda, ya lashi yatsa,
ya gangara harafin H.
Ga Halyna nan da lambarta.
Shekara uku da binne ta,
kamfani bai samu labari ba.

Ya yage shafin, ya sa aljihu.
Saura kuwa, sai bola.