Kwando Na Sha Bakwai

Sha shida na sauke lafiya lau,
kwandunan tumatir daga Kadawa,
asubar Talata, kasuwar Mil Sha Biyu,
ruwan daren jiya bai gama tsanewa ba.
Na sa kafaɗa ga na sha bakwai
sai ƙyauren motar ya ɓalle don kansa.
Ƙarar da na ji, na ɗauka katako ne.
Ashe ƙaurina ne.

A Igbobi aka sa mini ƙarfe da kusoshi shida.
Maƙwabcin gadona birkila ne, Bayerabe,
daga bene na uku ya faɗo a Lekki.
Da dare mu biyu muna kallon silin,
kowa da tambayar da ke cinsa.

Tawa ita ce: wa zan riƙe?
Direba ya ce tuƙi aka ɗauke shi, ba walda ba.
Mai mota yana Ibadan, wayarsa kullum a kashe.
Mai walda ya rantse tun bara ya ce a sake sakata,
aka ce ɗaura waya kawai, ta kai mu Legas.
Dillali ya ce tumatir ya saya, bai sayi ƙyaure ba.
Kowa ya wanke hannunsa,
ruwan wankin ya taru ƙarƙashin gadona.

Kawu Barau ya zo da lemo da nasiha:
"Ƙaddara ce, Sallau, ka bar wa Allah."
Na ce, Kawu, ban musa ƙaddara ba,
amma hannun mutum ne ya ɗaura wayar nan.
Wanda ya rubuta mini wannan Talata
ai shi ya saukar da hukuncin diyya.

Ran Juma'a yaron mai mota ya iso
da dubu tamanin a ambulan, da takarda shafi biyu.
"Dangwala nan, magana ta mutu."
Yatsana har ya sha tawada,
birkila ya yi tari, ya girgiza kai.
Na goge yatsan a jikin bargo.

Ƙanwarsa lauya ce, Morenike,
haihuwar Agege, Hausarta ta fi tawa gishiri.
Ta ja kujerar roba, na shiga jero mata.

Ni da ba wanda ya ba ni takardar aiki, ina da baki?
Ta ce, "Ƙashin bai nemi takarda ba da zai karye."
In nawa sakacin yana ciki fa? Silifa na sa, ga santsi.
"A iya rage maka kaso, ba a share ka duka ba."
To, nawa ne kuɗin ƙafa?
Ta daɗe tana juya biro.
"Ba a sayen ƙafa, Malam.
Magani ake lissafawa, da kwanakin da ba ka yi dako ba,
da waɗanda ba za ka ƙara yi ba,
da zogin da ke hana ka barci."
Yaushe za a gama?
Nan ta kalli taga.
"Ka san gosulon gadar Eko da yamma?
Amma kar ka kwanta, ƙara ma kamar tumatir take,
in ta wuce kwananta ba mai ɗauka.
Tara rasit, ko na fanadol ne.
Wa ya gani da idonsa? Motar tana da inshora?
Ina sakatar, kafin a canza ta da dare?"

Mati mai shayi ya gani.
Ya ma ɗauki hoton wayar, tana lilo da tsatsarta.

Yanzu rasit talatin da ɗaya ke cikin leda
ƙarƙashin matashina, suna ƙara in na juya.
Hansai tana Dambatta, na ce mata targaɗe ne,
ban san ranar da zan gyara maganar ba.

An ce kwandon nan bai fashe ba.
An sayar, wani ya ci miyarsa a Ketu.
Sha shidan da na sauke kuwa,
har yau ba a biya ni ladansu ba.
Na ce wa lauya ta rubuta,
su ma a sa su a lissafi.