Shafi na Tara

A garejin Orville, can ƙarshen Flint,
wata Buick ta shekara arba'in tana barci,
tsatsa na cin ƙofarta kamar gara.

Fentin da ya zaɓa, laka suke ce masa.
Na yi dariya: tamu lakar a bakin kogi take.

Feshi siriri. A jira. A sake.
Warin tina ya keta takunkumi,
samfefa da ruwa har yatsu suka yi yaushi.
Ƙuda ɗaya ya sauka, aikin yini ya tafi.

A shafi na tara baƙin ya zama rijiya.
Tsohon ya leƙa, furfura ta dube shi.
Ya ce, "Nan Maxine ke gyara jan-bakinta."

Na kashe injin feshi.