Wankin Kuza

Kakana a Bukuru ya tsufa yana wankin kuza:
a zuba yashi, ruwa ya tafi da marar nauyi,
abin da ya kwanta a ƙasa, shi ne tuwon gida.
Ni kuma ga ni a ɗakin bayanan asibiti,
ƙarfe tara na dare, sanyin Jos na shigowa ta ƙasan ƙofa,
ina wanke sunaye dubu arba'in.

Likita ta rubuto min ƙa'ida a bayan takardar magani:
wanda jininsa ya hau sau uku,
ko sukarinsa ya haura sau biyu,
kuma wata shida ba a ga ƙeyarsa ba.
Na danna.
Kwamfuta ta yi jim, kamar mai tuna bashi.

Sai ga su suna kwantawa.

Lantana Sambo, mai dankali a Farin Gada.
Sau uku aka buɗe mata kati, kowanne da irin rubutunsa,
na'ura ta ɗauka mata uku ne,
kowacce da ɗan ciwonta, ba na tashin hankali ba.
Da na haɗa su wuri guda
sai ciwon ya miƙe tsaye.

Davou Chuwang, direban tifa.
Lambarsa a kashe.
Gurbin adireshi: bayan gidan mai.
Wane gidan mai, bawan Allah?

Akwai waɗanda ba za su fito ba ko na kwana nan,
masu sayen ƙwaya biyu a kemis ɗin Gangare
su haɗiye da ruwan leda, su ce gajiya ce.
Rariya ba ta tace abin da ba a zuba mata ba.

Layi na ɗari uku da sha biyu:
Haladu Maikeke, tela, Dilimi.
Shekara sittin da bakwai.
Na san shekarun. Ni na cike masa katin.
Mutumin da ya ce min takalminsa ne ya tsuke
saboda ruwan Agusta,
na yi dariya, na sayo masa babba.

Jerin sai Litinin zai isa teburin likita.
Na ɗauki waya.

Baba, ka kwanta?
Ya ce, wa ya rasu?
Na ce, babu kowa.
Gobe da sassafe zan zo mu sha shayi.
Kada ka karya kafin in iso.